Kundin da ya zo mana ta Bluetooth: tuna fitowar "This Is Me" na Ziriums

Masu sauraronmu a waya, da masu karanta rubutaccen shirin a wannan shafi saboda data ta yi tsada, duk ina gaishe ku. Daga nan Unguwar Shanu nake magana, cikin garin Kaduna. In kun ji ƙarar babur ko hayaniyar yara a bayan muryata, ku yi haƙuri, unguwa ce.

Makonnin nan mun sha maganar katin zaɓe da rashin aikin yi, har wasu suka rubuto mini cewa na cika ɗaga musu hankali. To yau za mu ɗan sarara, mu yi maganar waƙa. Amma ina gaya muku tun yanzu, ita ma maganar waƙar nan akwai nauyi a cikinta.

Kundin da nake so mu tuna shi ne "This Is Me", na Nazir Ahmad Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums, mawaƙin gambarar zamani daga Kano. Ya fito a 2010. Na san a cikinku akwai waɗanda suka yi murmushi da jin sunan, akwai kuma ƙannenmu da ke cewa, "Wane ne kuma wannan?" Duka biyun shirin yau naku ne. Su na farko su tuna, na biyun kuma su san cewa hip hop ɗin Hausa da suke ji yau yana da yayye, kuma yayyen nan sun sha wuya.

Bari mu fara da yanayin da kundin ya fito a ciki, domin in ba ka san yanayin ba, ba za ka gane me ya sa muka riƙe shi da hannu biyu ba.

A 2007 wani bidiyon waya ya tayar da ƙura a masana'antar fim ta Kano. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, wanda ya fito daga Hisbah, ya shugabanci Hukumar Tace Fina-finai ta jihar. Aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon wata 6, aka kawo sababbin ƙa'idoji masu tsauri, har da na rawa da waƙa. A shekarar ne aka yanke wa Adam A. Zango hukuncin wata 3 a gidan yari da tara, saboda kundin bidiyonsa "Bahaushiya". A 2008 aka ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro, aka kuma ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama. A 2009 kotun tafi-da-gidanka ta haramta saurare da sayarwa da yaɗa waƙoƙi 11. A cikinsu akwai "Oyoyo" ta Adam Zango, da "Hasbunallahu" wadda aka kama Aminu Ala a kanta, da kuma "Girgiza Kai" ta Ziriums.

Ita "Girgiza Kai" ɗin nan, dabararta tana cikin sunanta. An hana rawa, to amma kai ba a hana shi motsi ba. Kuma duk Bahaushe ya san girgiza kai iri biyu ne. Akwai na mai jin daɗin kiɗa, akwai na wanda ya ga abin takaici ya rasa ta cewa. Mutum ɗaya zai girgiza kai a gabanka, ba ka da hujjar da za ka ce wanne yake nufi. Wannan shi ne habaici, kuma ba Amurka aka koyo shi ba. Mawaƙanmu na fada da na kasuwa da 'yan gambara sun daɗe suna yi. Abin da yaran zamanin suka yi shi ne ɗora shi a kan kiɗan kwamfuta.

To ina ruwan Kaduna da wannan rigima ta Kano? Ruwanmu da yawa. Da wuta ta yi zafi a can, 'yan fim da mawaƙa da yawa nan suka dawo, wasu suka wuce Jos da Abuja. Shi Ziriums Abuja ya koma. Dokar Kano ba ta aiki a Kaduna, saboda haka abin da ake ɓoyewa a can, mu nan a bakin titi ake kunna shi. Kuma kun san halin ɗan Adam, abin da aka ce kar ka ji, shi kunnenka ke ƙaiƙayi a kai. Jerin waƙoƙi 11 ɗin nan ya zama kamar takardar cefane. Mutum zai je wurin mai tura waƙa ya ce a sa masa waɗanda aka hana, duka.

A cikin wannan yanayi "This Is Me" ya fito, kuma ya fito ta hanyar da a lokacin ba mu saba da ita ba. Mu abin da muka sani, kundi yana fitowa ne a kaset ko faifan CD, ka gan shi a rataye a shago a Kasuwar Gumi ko a baron masu yawo da faifai, da hoton mawaƙin a jiki. Shi wannan a intanet aka sake shi, a wurare irin su iTunes da Amazon. Ku lura da wani abu: kamfanin Apple bai buɗe shagon iTunes ga Najeriya ba sai a watan Disamban 2012. Wato shekara 2 bayan fitowar kundin. Mutumin da ke Landan ko New York yana iya sayen waƙar Bahaushe da katin banki cikin minti ɗaya, amma yaron da aka yi waƙar da harshensa, a Unguwar Shanu ko Fagge, ba shi da ƙofar da zai bi ya saya ko da yana da kuɗin.

To ta yaya ya iso mana? Ta hannu. Ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake raba goro.

A lokacin ina da shekara 13, ina ƙaramar sakandare, ba ni da waya. Wayar yayana ce jarinmu, wata Nokia mai memori, sai kuma 'yar China ta wani maƙwabcinmu, mai eriya da lasifika kamar ta masu tallan magani. A bakin layinmu akwai shagon caji, da ƙaramin janareto da tsohuwar kwamfuta. Mai shagon shi ne gidan rediyonmu, shi ne kuma ɗakin karatunmu. Ka kai memori, ka ba da 'yan canjinka, ya zuba maka abin da ya samu. Shi ma daga wani ya samo, wanda ya samo daga wani da ya dawo daga Abuja ko ya kwana a shagon intanet yana jiran waƙa ɗaya ta sauka.

Shi ya sa in ka tambaye ni ranar da kundin ya fito a Unguwar Shanu, sai in ce maka ai ba rana ɗaya ya fito ba. Ya yi watanni yana fitowa. Wannan makon waƙa ɗaya ta shigo, bayan mako uku wata ta biyo. Wata ta zo da sunanta, wata ta zo a matsayin "Track 4", wata kuma wani ya sauya mata suna ya sa na budurwarsa. Sai musu ya tashi a dandali: wannan Ziriums ne ko Billy-O? Wannan tana cikin kundin ko tsohuwa ce? Babu bangon faifai da za a duba a raba gardama. Wanda ya fi ƙarfin murya shi ke da gaskiya, har sai an samu wanda ya fi shi.

Akwai wani abu game da Bluetooth da 'yan bayanmu ba za su gane ba. Ba ya tafiya nesa. Iyakarsa kamar mita 10 ne, mu kuwa ba ma yarda da mita 10 ɗin, haɗa wayoyin muke yi baki da baki a kan benci, kowa ya riƙe numfashi yana kallon layin nan yana cika a hankali. In ya kai kusan ƙarshe ya yanke, a sake daga farko. Ma'ana, ba za ka samu waƙa daga mutum ba sai ka zauna kusa da shi. Sai ka gaishe shi, sai ka roƙe shi, sai ka jira tare da shi. A cikin jiran nan ake hira, a cikin hirar ake abota.

Kuma wannan ya yi aiki a garin da yake da ciwo irin namu. Duk ɗan Kaduna ya san abin da rikicin 2000 da na 2002 suka yi wa garin nan, yadda kogi ya zama iyaka, wasu suka tattara suka koma Sabon Tasha da Television da Narayi, wasu suka dawo Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Mu mun taso ne mun tarar da rabon an riga an yi. Amma a makaranta ana haɗuwa, kuma mu nan muna maƙwabtaka da Abakpa, inda aka daɗe ana zaman cuɗanya. Akwai wani ɗan ajinmu, Kirista, wanda shi ne ya fara sa mini M.I a kunne. A watan Nuwamban 2010 ɗin nan ne M.I ya saki "MI 2", wanda a ciki akwai "Wild Wild West", waƙarsa kan rikicin Jos. Musaya muka yi: ya ba ni M.I, na ba shi Ziriums. Abin kunne ɗaya, shi dama ni hagu. Ni ina tambayarsa Turancin da ya wuce ni, shi yana tambayata habaicin da ya wuce shi, duk da Hausa a bakinsa kamar ruwa.

Bayan zaɓen watan Afrilun 2011 gari ya sake rikicewa, aka sa dokar hana fita. Kwanakin nan muna kulle a gida, babu makaranta, babu dandali, in batir ya samu sai waƙoƙin cikin memori. Da ƙura ta lafa, gidan su abokin nan nawa suka koma ƙetaren kogi. Tsakaninmu ya wuce mita 10 nesa ba kusa ba. Waƙoƙin da ya tura mini su ne suka rage a wurina, kuma na tabbata nawa su ne suka rage a wurinsa.

Yanzu wani zai ce, to me ke cikin kundin da ya kama ku haka? Zan faɗi abin da ya yi mini ni, kowa kuma ya faɗi nasa a ƙasan wannan rubutu.

Kafin lokacin, hip hop a wurinmu kayan aro ne. Yayyenmu suna jin 2Pac da 50 Cent, suna zana sunayensu a bango da bayan littafi, yawancinsu ba sa jin rabin abin da ake faɗa. Daga Legas kuma akwai Eedris Abdulkareem, haifaffen Kano, wanda "Jaga Jaga" ɗinsa ta 2004 ta ɓata wa Shugaba Obasanjo rai. Nan Kaduna ma muna da gwanaye da ƙasa ta san su, irin su Terry tha Rapman da Pherowshuz da Overdose, amma da Turanci da Burokan suka fi yi. Daga Nijar, ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya sun riga sun nuna cewa Hausa tana hawa wannan kiɗa, suna haɗa ta da Zabarmanci da Faransanci. Amma a gefenmu, in ka ce waƙar Hausa ta zamani, abin da ke zuwa ran mutane shi ne waƙar fim, ta soyayya, namiji ya yi mace ta amsa.

Sai ga wani yana yin abin da su 2Pac ke yi, da Hausar Kano tsantsa, yana tsallakawa Turanci ya dawo ba tare da ya yi tuntuɓe ba, kuma abin da yake magana a kai abin da ke faruwa ne a kan titin da muka sani. Sunan kundin ma kansa magana ce: ga ni, haka nake. Ɗan Arewa ne, Musulmi ne, Bahaushe ne, mawaƙin hip hop ne, kuma bai ga dalilin da zai sa ya ajiye ɗaya don ya ɗauki ɗaya ba. Ga yaro ɗan shekara 13 da ke zuwa boko da safe, Islamiyya da yamma, a gida a ce masa waƙar nan ta 'yan iska ce, a waje kuma 'yan kudu su ɗauka duk ɗan Arewa bai waye ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wani ya tsaya a daidai inda kake tsaye, ya ɗaga murya.

Mun cika bayan littattafanmu da baitocin kanmu, marasa kan gado. Lokacin tara, ɗaya ya buga tebur, ɗaya ya yi kiɗa da baki, sauran a yi layi. A nan na fara koyon tsayawa gaban mutane in faɗi abin da ke raina ba tare da ƙafata ta yi rawa ba. Ban zama mawaƙi ba, kuma duniya ba ta yi asara ba. Amma ranar da na fara riƙe makirfo a taron ɗalibai a jami'a, daga teburin nan ƙarfin halin ya zo. Na san da yawa daga cikin waɗanda muke fafutuka tare yau, in ka tone su, za ka samu wata waƙa a ƙasa.

Ina so in yi wa iyayenmu adalci a nan. Tsoronsu ba na banza ba ne. Akwai waƙoƙin batsa a lokacin, akwai su yau, sun ma fi yawa. Uba yana da haƙƙin ya damu da abin da ke shiga kunnen ɗansa, al'umma kuma tana da haƙƙin ta yi magana a kan tarbiyya. Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da aka zuba waƙar batsa da waƙar ƙorafi a kwando ɗaya, aka rufe da faifai ɗaya. Ku duba jerin nan na 2009. A ciki akwai waƙar da addu'a ce mawaƙa suka yi kan halin da suke ciki. Wanda yake kan mulki, ko wane ne shi, yana jin daɗin wannan haɗin gambizar, domin da sunan kare tarbiyya sai ya kare kujerarsa.

Kuma abin bai tsaya a 2009 ba. A 2018 hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta ƙasa, NBC, ta hana sa "This Is Nigeria" ta Falz. A watan Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta rufe Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. A watan Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok hukuncin bulala 20 da tara da sharar kotu, saboda bidiyon barkwanci a kan gwamna. A watan Afrilun 2025 NBC ta sake hana wata waƙar Eedris, "Tell Your Papa", shekara 21 bayan "Jaga Jaga". Gwamnatoci daban, jam'iyyu daban, hali ɗaya. Duk lokacin da irin wannan ta faru sai ka ga ƙannenmu suna mamaki kamar yau aka fara. Ba laifinsu ba ne. Babu wanda ya ba su labarin, domin labarin ba a ajiye yake ba.

Wannan ne ya kawo ni ainihin abin da ya sa na zaɓi maganar nan yau.

Hanyar da kundin nan ya bi ya iso mana, ita ce daɗinsa, ita ce kuma rauninsa. Abin da ke rayuwa a cikin wayoyin mutane, da wayoyin yake mutuwa. Ina Nokia ɗin yayana? Ina memorin? Ina kwamfutar mai shagon caji? Shagon ma yanzu na POS ne. Kar kuma ku ce ai intanet ba ta mantuwa. Tana yi. A 2019 kamfanin MySpace, inda mawaƙa da yawa na wancan zamani suka zuba ayyukansu, ya sanar cewa ya yi asarar waƙoƙin da aka ɗora masa tsakanin 2003 da 2015, kimanin miliyan 50, wajen sauya rumbun ajiya. Shekara 12 na aikin mutane, a tafi ɗaya. Shi Ziriums ya yi sa'a, sunansa ya shiga rubuce-rubucen masana. To sauran fa? Yaran Tudun Wada da Kawo da Unguwar Sanusi da suka tara kuɗin makaranta suka shiga situdiyo suka yi waƙa biyu ko uku masu kyau, suka zaga unguwa ta Bluetooth, daga nan rayuwa ta ja su kasuwa ko aikin gwamnati? Waƙoƙinsu suna ina?

Ku kwatanta da Alhaji Mamman Shata. Ya rasu a 1999, amma yau yaron da aka haifa bayan rasuwarsa yana iya jin muryarsa. Dalili, gidajen rediyo irin na Tarayya da ke nan Kaduna sun naɗa, kamfanonin faifai sun buga, masoya sun tara kaset, sannan Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka zauna suka rubuta tarihinsa a littafin "Shata Ikon Allah" a 2006. Wasu ne suka ɗauki abin da muhimmanci, suka ba shi lokacinsu. A ɓangaren hip hop ɗin Hausa, ɗan abin da aka rubuta kan wancan zamani muna bin bashinsa ne ga mutane ƙalilan, irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, da Carmen McCain da 'yan fim ke kira Talatu, wadda ta riƙa rubuta abin da ke faruwa a lokacin da yake faruwa. Allah ya saka musu. Amma mutum biyu ko uku ba za su ɗauki tarihin tsara guda ba. Namu ne, mu ya kamata mu ɗauka.

Yau ɗan Kaduna yana alfahari da DJ AB da 'yan YNS. Muna da ClassiQ, da Morell, da BOC Madaki, da Deezell, da Kheengz. Hausa ta hau kiɗan nan ta zauna daram, har mawaƙan Legas suna neman a haɗa da su. Wallahi ina jin daɗin wannan. Amma in ka tambayi yaro ɗan shekara 16 wa ya fara, zai fara lissafi ne daga ranar da ya samu waya. Bishiyar da ba ta san saiwarta ba, iska kaɗan ke kayar da ita. Ranar da wani ya zo ya ce wa yaran nan abin da kuke yi baƙon abu ne, ba namu ba ne, ku rufe baki, da me za su amsa in ba su san an taɓa faɗar haka ba, kuma an taɓa amsawa?

Saboda haka ga roƙona, kuma abu ne da ba ya buƙatar tallafin kowa.

Na farko, ku shiga ɗaki ku buɗe akwatin nan da tsofaffin wayoyi da caja ke ciki. Duk memorin da kuka gani, duk faifan CD, duk kaset, kar ku yar. Ku kai wurin mai kwamfuta a kwafe abin da ke ciki, a ajiye a wuri biyu. Masu tsofaffin shagunan tura waƙa, in har rumbun kwamfutarku yana nan, ku sani dukiya kuke riƙe da ita.

Na biyu, ajiye waƙa babu bayani rabin aiki ne. Ku rubuta abin da kuka sani: wa ya yi ta, a wace shekara kuka fara jin ta, a wane situdiyo aka yi in kun sani, wa ya buga kiɗan. In ba ku da tabbas, ku tambayi yayyenku tun suna tunawa.

Na uku, mawaƙan nan yawancinsu suna raye, suna cikinmu. Wani yana da shago a kasuwa, wani malamin makaranta ne, wani ya zama alhaji ba ya ma son a tuna. Ku je ku gaishe su, ku nemi izini kafin ku ɗora aikinsu a ko'ina. Wanda ya ce a bari, a bari, haƙƙinsa ne. Wanda ya yarda, ku kunna rikoda ku bar shi ya ba da labari. In kuma aikinsa yana wurin da ake saye ko ake saurare a biya shi, yanzu ƙofar da babu a 2010 ta buɗe, mu bi ta nan.

Na huɗu, ɗalibanmu na KASU da ABU da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, masu neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, ga fili nan. Gidan Arewa yana nan kan titin Rabah, ba nisa da mu, an kafa shi ne don adana tarihin Arewa. Tarihin Arewa bai ƙare a kan sarakuna da 'yan siyasa ba. Abin da matasan 2010 suka rera shi ma tarihi ne, kuma in mun tattara shi da tsari, muna da bakin da za mu ƙwanƙwasa ƙofa mu ce a ba shi wuri.

Ni na fara nawa. Na samu memori guda uku a gidanmu, biyu sun mutu, ɗaya ya buɗe. Zan jera sunayen abin da na samu a ƙasan wannan rubutu, har da waɗanda ban san masu su ba, ko wani zai gane. Ku ma ku rubuto: a ina kuka fara jin Ziriums, a wayar wa, wace waƙa ce ta fara shigowa unguwarku? Mutanen Kano, ku da kuka ji ta a ɓoye, labarinku ya fi namu, muna jira. Mutanen ƙetaren kogi, Barnawa da Kakuri da Sabo, ku ma da ku nake. Mutanen Maraɗi da Damagaram, ku gaya mana yadda ta tsallaka iyaka.

Wanda ya san inda Malam Nazir yake, ya isar masa da gaisuwar yaran Unguwar Shanu. Ya gaya masa kundin ya iso, ko da yake a gutsure ya zo, kuma ya yi aiki.

Nan za mu dakata. In shirin ya yi muku, ku tura wa wanda kuka taɓa haɗa waya da shi a kan benci. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.